Akwatin da Mama Take Kwashewa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Ta fara haƙori kuwa?

Yaya, na ci jarrabawa, an ba ni makarantar kwana. Ban faɗa wa kowa a layinmu ba, kin san ni da nauyin baki. Amma sau uku ina shirya akwati, in na dawo daga ɗebo ruwa sai in tarar Mama ta mayar da kayan cikin durowa, a ninke tsaf. Ba ta yi mini faɗa. Sai dai ta hau keken ɗinki ta yi ta takawa, ko zare babu a allurar.

Na tambayi Kawu. Ya ce Mama tana shekara shida uwarsu ta ajiye ta a gidan dangi, ta ce kasuwa za ta je ta dawo, ga akwati a kanta. Ba ta dawo ba. Kullum Mama tana bakin ƙofa tana jira, har dukanta aka riƙa yi a kan haka. Ya ce mu uwa muke gani, shi har yau yarinyar bakin ƙofar nan yake gani.

Ashe kwanciyar wata biyu da Mama ta yi bayan tafiyarki gidan miji ba zazzaɓi ba ne.

Saura kwana tara. Ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Daga makaranta nake rubuto miki.

Na yi wauta. Na riƙa fitar da kayana kaɗan-kaɗan a leda ina kaiwa gidan maƙwabciya, don kada Mama ta ga akwati. Ranar Laraba ta buɗe durowa ta ga wayam. Ta zauna a ƙasa, ta tambaye ni wai kasuwa zan je? Yaya, muryar ba tata ba ce, ta ƙaramar yarinya ce.

Na kwaso kayan duka, na shirya su a gabanta. Na faɗa mata ranar tafiya da ranar hutu, na zagaye su da biro a kalanda. Ta yi kuka, ni ma na yi. Kawu ya kai ta asibiti, likita ta ce ta riƙa zuwa duk mako suna hira. Ta je sau ɗaya.

Ba ta raka ni tasha ba, amma ita ta kulle mini akwatin.

Mu arba'in ne a ɗaki, har yanzu ban yi ƙawa ba. Don Allah ki je ki yi wa Mama kwana biyu. In za ki koma, kada ki ce mata yanzu za ki dawo. Ki faɗa mata ranar.

Taki,
Auta