Ɗan Gida da Ɗan Kano

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Da safe na ga Inna tana ɗaura zane a bakin ɗaki. Zanen nan mai ganye-ganye da ta daɗe da shi. Da can da ƙyar bakinsa ke kai ƙugu, yau sai da ya zagayo ta baya. Ta ga ina kallo ta ce, "Musaddiq, ido ba ya gajiya?" Na ce tunkiya nake dubawa.

A asibiti sun ce a riƙa auna ta duk mako, in tana raguwa a gaya musu. Na sayo sikeli a shagon Lawal, ɗan ƙarami mai araha, irin wanda ake takawa lamba ta fito. Inna ta ce ita buhun gero ce? Amma ta hau. Kilo arba'in da bakwai.

Juma'a, 11 ga Yuli

Yaya Murja ta aiko da nata sikelin daga Kano. Baƙin gilashi, mai tsada, sai sheƙi. Ikrima mai gyaran waya ya haɗa shi da wayata, ya ce duk wanda ya hau, lambar za ta tafi har wayar Yaya. Ya sa sunayenmu mu uku: ni, Inna, da Ummi 'yar Yaya da Inna ke riƙo. Wai da nauyi sikelin yake gane mutum, ya rubuta sunansa da kansa.

Ni ya gane ni. Ummi talatin da takwas, ta yi ta tsalle da ta ga sunanta. Inna arba'in da huɗu.

Uku tsakaninsa da nawa. Wani a ciki yana ƙarya.

Laraba, 16 ga Yuli

Yaya ta ce a waya ranar da Inna ta sauka ƙasa da arba'in za ta zo ta ɗauke ta, a kwantar da ita a Kano. Inna na ji. Ba ta faɗin sunan Yaya, 'yar fari ce, sai ta ce, "Ka gaya wa ta Kanon nan, ni da ɗakina sai in an fitar da ni a tabarma." Bayan na kashe wayar ta riƙe hannuna. Ta ce kada in bari. Na ce to.

Asabar, 26 ga Yuli

Inna ta sa wa sikelin biyu suna. Nawa ɗan gida, na Yaya ɗan Kano. Wai ɗan Kano ba shi da kunya, ga tsegumi, kafin ka sauka ya kai rahoto. Dole sai ta cire takalmi, kuma kaushin ƙafarta na hana shi karanta wasu abubuwan, sai nauyin kaɗai.

Na lura da wani abu. Ɗan gida yana bin ƙasa. Kusa da randa, inda daɓen ya ɗan lotsa, ƙarawa yake. A ƙofar zaure ya rage. Na gwada da kaina sau da yawa. Ɗan Kano ko ina ka kai shi maganarsa ɗaya.

Yau arba'in da biyu ya ce.

Talata, 5 ga Agusta

Kusa da randa nake ajiye mata ɗan gida yanzu. Ba ta karatun boko, fuskata take karantawa. Kunu kurɓi uku ta sha, ta ce Ummi ta shanye sauran.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ruwa aka wuni ana yi. Da ya ɗauke na fito da ɗan Kano, na tallabe Inna ta hau, na sake ta kaɗan don kada nauyina ya shiga. Ya yi 'yar walƙiyarsa. Talatin da tara.

Sai ya rubuta UMMI.

Na tsaya ina kallon haruffan. Ummin ce ta leƙo ta ce, "Kawu, ai sunana ne!" Inna ta tambaya, yarinya ta gaya mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce dama takwararta ce, duk su biyun Maimunatu ne, ai bai yi ɓatan kai ba. Ta ce wa Ummi, "Kin cinye min suna, kin cinye min kunu, yanzu har sikeli kin ƙwace, ja'ira." Ummi na dariya. Ni na tafi duba tunkiya.

Juma'a, 15 ga Agusta

Yaya ta kira bayan an sauko masallaci, muryarta da farin ciki. "Na ga Ummi ta ƙara kilo guda, Alhamdulillahi. Amma me ya hana ku auna Inna wannan makon?"

Ke nan ɗan Kano ya rufa mana asiri ba da saninsa ba. In na yi shiru, haka zai yi ta rubutawa, Ummi na ƙiba, Inna na ɗakinta.

Na ce za mu auna.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ba a auna kowa ba yau.

Da hantsi ƙafar Inna ta ƙi ɗaukarta daga bayan gida. Na goya ta zuwa ɗaki. Na tattara ƙarfi kamar zan ɗaga mutum, sai na kusa faɗuwa gaba, don babu abin ɗagawa. Ta sa baki kusa da kunnena ta ce, "Me ɗan gida ya ce?" Na ce bai ce komai ba, Inna. Ta ce, "Uhm."

Yaya tana hanya. Ba wai na kira ta ba ne, ita ta kira, na dai ce mata lambar nan ba ta Ummi ba ce. Shi ke nan abin da na faɗa. Inna ba ta yi min magana ba tun azahar, ta juya fuska bango. Na ninke mata zannuwa uku a jaka, ko da za a buƙata.

In ta ce na ci amanarta, ba ni kaɗai na ga goyon nan ba. Haulatu matar Lawal tana tsaye da kwanon da ta zo mayarwa, ta kasa ajiyewa. Baba Maiturare ya yi sallama a zaure, ya hango mu, ya juya bai ƙarasa ba. Ummi ma ta gani, ita ce ta riƙo takalman.