Na sa hannu a kan hanyar da ba a bi

Anti Hamsatu, ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Na karanta tattalin arziki a Yamai, har na rubuta kundi a kan abin da ke faruwa idan kasuwa ta koma hannun mutum ɗaya. Malamaina sun yaba. Da sun gan ni yanzu.

A nan Diffa, ƙungiyar direbobi guda ce ke da izinin ɗaukar fasinja daga ƙofar filin jirgi zuwa gari. Saboda tsaro aka yi haka. Tunda ba su da abokin gasa, kwamiti ne ke yanke musu farashi, ni kuma aka ba ni aikin duba lissafinsu. Shugaban ƙungiyar Baffana ne, Babakura, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara tara. Ban gaya wa kwamiti ba. Rabinsu sun sani, su ma ba su gaya mini ba.

A takardun Baffa, tsawon tafiyar shi ne na hanyar zagaye da aka bi shekarar da kogin Komadugu ya yi ambaliya. An gyara hanya tuni, kowa na bin miƙaƙƙiya. Na gani, na sa hannu: jika goma, wato sefa dubu goma, kowace kujera. Na ce wa kaina ai ma'aikatan furoje, ƙungiyoyin agajin nan, su ke biya, kuɗin Turawa ba ya kuka. Na manta cewa manyan furoje motarsu ke zuwa ɗaukarsu.

Makon jiya na ga Malama Ikhlas, wadda ta koya mini lissafi a lakkol tun ina 'yar makaranta, tana jan akwati a gefen titin filin jirgi da tsakar rana, ta dawo daga asibiti a Yamai. Ta nufi inda Tsoho mai adaidaita ke laɓewa can nesa, don ba a barinsa ya kusanci ƙofa. Ina cikin mota, na sunkuyar da kai, muka wuce.

Ranar Alhamis za a tabbatar da farashin na shekara uku. Jiya na je wurin Baffa da niyyar magana. Na cire takalmi, na durƙusa. Ya yi ta ba baƙinsa labarin 'yarsa mai digiri biyu, ya sa aka kawo mini buhun tattasai daga gonarsa ta Geskeru. Na yi godiya, na jawo masa ƙofa, na fita. Anti, tattasan yana nan a ɗakina, ko ɗaurinsa ban kwance ba.

Mai digiri biyu, Diffa

'Yata,

Kunyar nan ki gode wa Allah da ita, amma ki daina zama kina kallonta. Kwana uku gare ki.

Mu fara yi wa Baffanki adalci. Ya sa motocinsa a hanyar nan lokacin da wasu ke tsoronta, kuma taƙaita masu shiga filin jirgi ba son kai ba ne kawai. Wataƙila ma shi a ransa zagayen ladan wahalarsa ne. Amma wanda aka ba kasuwa shi kaɗai ba shi zai auna wa kansa hanya ba. Don haka aka ɗauke ki aiki. Laifinsa shi ne ya ƙara wa hanya tsawo, naki kin gani kin yi shiru.

Kada ya fara ji a gaban kwamiti, wannan tozarci ne da ba zai manta ba. Ki nemi gwaggonki ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku je tare. Ki ce kuskure ne a rahotonki, kuma za ki gyara. Sanar da shi za ki yi, ba izini za ki nema ba. Ki ba shi damar ya kawo sabon lissafi da hannunsa, mutuncinsa ya tsira.

Sannan ki rubuta wa kwamiti layi biyar: an yi lissafi da tsohuwar hanya, shugaban ƙungiya baffanki ne, a ba wani aikin. Ki nemi a shiga mota a auna hanyar a gaban kowa, a kafa allon farashi a ƙofa, a ware wa su Tsoho wurin tsayawa inda masu tsaro suka yarda. Za ki iya shan faɗa a biro wurin shugabanninki na aiki, Baffa kuma zai iya yin wata biyu bai amsa gaisuwarki da kyau ba. Ki ci gaba da zuwa kina durƙusawa.

Tattasai kuwa ki kwance ki yi miya, kyautar uba ce, ba toshiyar baki ba. Ki ɗebi kwano guda ki kai wa Malama Ikhlas, ki duba jikinta, ki gaya mata kin gan ta ranar nan.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Baffa.

Anti Hamsatu