Ɗakunan da Na Kulle

Muchia, Sabon Gari,
9 ga Yuli, 1956.

Zuwa ga ɗana Jatau, a gonar gwaji ta Samaru,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwa? Ni lafiya lau, sai ƙafar nan da takan tashi in hadari ya haɗo. Kada ka yi dariyar rubutun nan mai karkacewa, nawa ne. Malama Naomi ta ajin yaƙi da jahilci ta ce na isa in rubuta wasiƙa da kaina. Ka ga sunanka a sama. Tun da na haife ka bakina bai taɓa kiransa ba, don kai ne na fari, amma alƙalami ba shi da kunya.

Abin da ya sa na rubuto, takarda ce ta zo daga ofishin haraji. An sake ƙiyasta gidajen unguwa, an sa namu cikin gidajen haya. Bara sule talatin na biya, bana fam biyar suke so. In ban biya ba sai kotu, kuma ka san yadda aka yi gwanjon gidan Adewale kafinta. Gidan nan shi kaɗai mahaifinka ya bar mana daga wahalarsa ta reluwe.

Laifin nawa ne, gara in faɗa maka. Da aka yi shela cewa akawu zai zagayo duba gidaje, sai na ɗauke shi baƙo. A Bomo inda na tashi, in baƙo zai zo, abin da ya fi kyau ake fito masa da shi. Na shafa farar ƙasa a gaban gida. Na aro kujeru biyu da fitilar ƙwai wajen maƙwabciyarmu Bibiana, na jera kwanukana, na dama masa kunu. Ɗakunan nan biyu na baya kuwa, naka da na ajiya, ba ka sani ba, rufinsu ya rufta tun ruwan farko. Na sayo kwaɗo biyu a kantin PZ na kulle su. Da akawun, wani Celestine, ya tambaya, na ce masu ɗakunan sun fita da makulli. Ban so ya koma ofis ya ce ga inda uwar malamin gona take kwana ba. Ya sha kunu, ya yi godiya, ya rubuta 'yan haya biyu.

Naomi ta karanta mini gefen da ke da Turanci. An ba da kwana ashirin da ɗaya ga mai son kai kuka. Ka zo ran Lahadi ka rubuta mini da Turancinka, sun fi jin ku. Ba kuɗi nake nema ba, na san wata biyar ɗin nan abubuwa sun yi maka yawa. Ka dai zo.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Mahaifiyarka,
Liya Abarshi.


Muchia,
20 ga Yuli, 1956.

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinka lafiya. Ka gaida kawunka Doguwa da iyalinsa, don ta hannunsa wannan za ta same ka.

Lahadi ta wuce, na dafa tuwon mutum biyu na ci na ɗaya. Ran Talata na hau motar Funtuwa na sauka Samaru. Mai gadi ya ce in jira ƙarƙashin mangwaro. Na jira har rana ta karkata, sannan wani dattijo mai kula da shanu ya ji tausayina ya gaya mini an rage ma'aikata tun watan Fabrairu, kana ciki, kuma kana Bomo kana taya kawunka noma. Shi ya miƙo mini wasiƙata, ba a ko buɗe ta ba. Na haɗo maka ita da wannan, ka fara karanta ta.

Na tsaya a bakin hanyar Bomo, ina hango rumbunan garin. Tafiyar ba ta kai a ce tafiya ba. Amma na hango ka a raina, kana gona da fartanya, ka ɗago ka gan ni. Na juyo.

Ban yi fushi ba. Tsoro nake ji. Wata biyar ina gaya wa matan coci cewa kana aiko mini kowane ƙarshen wata. Da Bibiana ta tambayi inda na sami sabon zane, na ce kai ne, alhali akuyata na sayar. Yanzu Naomi ta ce in har na kai kuka, za a sake zuwa duba gidan, kuma dole a buɗe kowace ƙofa. Ka san Muchia, in keken akawu ya tsaya a ƙofar gida, ba macen da take ci gaba da daka. Duk za su ga ɗakinka, su gane cewa wanda ake aiko masa kuɗi ba ya barin rufi ya faɗi. Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru asirinmu a rufe, gida ya tafi. In na yi magana, wataƙila gida ya tsaya.

Jiya na rubuta takardar kai kukan da kaina, da Hausa. Sau huɗu ina sakewa. Na ce ni Liya matar marigayi Abarshi, ba ni da ɗan haya ko ɗaya, ƙarya na yi wa akawu don kunya, kujeru na aro ne, a zo a gani. Naomi ta so in cire maganar ƙarya, na ce in na cire to me ya rage. Na kai ofis da safe. Wanda ya karɓa ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, ya kira na kusa da shi. Na ji suna dariya sa'ad da nake fita. Amma ya buga hatimi.

Ban sa sunanka ba, ko sau ɗaya.

Ka riƙa sa hula in rana ta yi zafi, kanka ba ya son rana.

Mahaifiyarka,
Liya.


Muchia,
8 ga Agusta, 1956.

Ɗana Jatau,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gajiyar noma? Doguwa ya zo kasuwa, ya ce ka karanta wasiƙun, ka shige ɗaki. Ba laifi. Ga yadda aka yi.

Sun zo ran Litinin ta makon jiya, Celestine da wani babba da dubagari. Ban share ba, ban dama komai ba. Kafin su jingine kekuna tsakar gida ta cika. Makulli ya faɗi daga hannuna, Bibiana ce ta ɗauka ta buɗe. Azara ta karye ta tokare ƙasa, ciyawa ta tsiro a kan gadonka, sama a buɗe. Celestine ya cire hularsa, ya ce da harshensa na rabin Hausa, Mama, me ya sa, ai da na gani da tun farko ban rubuta haka ba.

Bayan sun tafi Bibiana ta zage ni tas. Ta ce shekara goma sha biyu muna cin gishirin juna, ta ba ni kujera ban iya gaya mata ruwa na shiga gidana ba, wai ni sarauniyar Ingila ce? Tana zagi tana kuka. Sauran kuwa sun tafi da labari, har ya riga ni zuwa coci. Matar Adewale ta tambaye ni a gaban mutane ko zanen ma aro ne. Na ce akuya ce.

Takarda ta zo jiya. An mai da mu sule ashirin da biyar, ƙasa da bara. Gida ya tsaya.

Sai dai dubagari ya rubuta tasa. Ya ce bangon baya zai faɗa wa masu wucewa, a rushe ɗakunan biyu cikin mako biyu. Na roƙe shi ya bar naka, na ce mahaifinka ne ya gina shi da hannunsa don ranar da za ka kawo mata. Ya ce bango bai san wannan ba. Da ban kai kuka ba da bai shigo ba, wannan na sani, kuma shi ke hana ni cin abinci.

An sa ranar Asabar ta sama. Mijin Bibiana ya ce zai kawo mutum biyu da diga. Na gode masa, amma ba na so baƙo ya fara sara. Ka zo da safe, ta babbar hanya, da kayan gonarka in su ke jikinka. Kowa ya riga ya sani, ba sauran abin da za ka ɓoye wa Muchia. Kai za ka fara, ni in kwashe ƙasa.

In ba ka zo ba, ni zan fara.

Ka gaida Doguwa da dukan gida. Ubangiji ya kiyaye ka.

Ni ce mahaifiyarka,
Liya Abarshi.