Kwarin Bayan Gada

Garwa, 4 ga Maris

Aminina Théodore,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida Marthe. Bayan haka, 'yarka Delphine ta zo daga jami'a da kwalabe, ta ɗebi ruwan kogin Binuwai inda nake kamun kifi. Jiya ta dawo da sakamako. Wai akwai ragowar magunguna a ruwan, da ɓarɓashin leda har cikin hanjin kifi. Ledar ba ta ba ni mamaki ba, rabin abin da taruna ke jawowa ke nan. Amma ta tambaye ni ta ina magani ke shiga kogi. Na yi kamar ban ji ba. Ni da na yi shekara tara ina tura amalanke daga siton kantin maganin da kake riƙewa a da, ina juye magungunan da suka lalace a kwarin bayan gada! Me zan ce mata?

Naka, Bobbo

Kaélé, 19 ga Maris

Bobbo,

Na amsa gaisuwarka. Don Allah kada ka faɗa mata. Patron mai kantin ne ya ba da umarni, kuma ya riga ya mutu. Ba mu kaɗai ba ne, duk garin a kogin nan yake zubawa. Yarinyar tana ganina da mutunci, shi kaɗai ya rage mini. Na tsufa, ba ni da ƙarfin wannan magana.

Ka huta lafiya,
Théodore

Garwa, 2 ga Yuni

Théodore,

Ina gaisuwa. Ban faɗa ba. Ruwan farko ne ya zaftare gaɓar kwarin, robobin maganin suka fito birjik. Delphine ta ɗauki guda ta goge laka, ta ga rubutun hannunka. Ta daɗe a tsugune, sannan ta ce, "Baffa Bobbo, jikokinka ma kifin nan suke ci?" Na ce eh, kullum. Tun ranar take zuwa da buhuna tana tonowa ita kaɗai. Ina taya ta, amma bayana ya ƙi.

Sai na ji daga gare ka,
Bobbo

Kaélé, 11 ga Yuni

Bobbo,

Ina gaishe ka. Ta daina ɗaga wayata. Asabar zan shigo motar farko, ka aro mini shebur. Ka gaya mata in ba ta son ganina, zan fara daga ɗaya bakin kwarin.

Théodore