Sunan Bashir na Huɗu

Daren Laraba, 9 ga Rajab, Yakasai

Barci ya ƙi zuwa. Yau Hajiya, shugabar ofishinmu, ta sa ni gyara jerin masu hannu a manhajarmu, don a Git, ma'ajiyar da ke rubuta wanda ya yi kowane aiki, idan mutum ya canja suna ko imel sai ya fito kamar mutum biyu. A fayil ɗin .mailmap ake haɗe su.

Abokin aikinmu marigayi Bashir da suna uku ya fito: Bash, Bashir Shahuci, da Bashir Aminu. Na haɗe masa su, ko da yake har ya rasu "baƙon Yola" yake kirana a gaban mutane.

Sai dai akwai na huɗu. Da aka sace kwamfutarsa, wata biyu ya yi yana aiki da tawa, babu wanda ya tuna a canja suna. Duk aikin nan da sunana da imel ɗina ya shiga, fayil ɗin kuwa ba ya iya raba mu.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Kai, Malam Hamidu, ashe kai ne ginshiƙin gidan nan! Mu muna can muna yabon Bashir."

Na yi murmushi, ban gyara mata ba. Allah ya gan ni.

Ɗazu na buɗe aikin wata biyun nan. Ga "wallahi wannan karon ya yi" da Bashir ya saba rubutawa, ga sunana a samansa. Har muryarsa na ji.

Gobe zan nuna wa Hajiya ayyukan nan nasa ɗaya bayan ɗaya. Ban gama yafe masa bakinsa ba, amma ba zan ci guminsa yana kabari ba.