Wa Yake Kashe Firizar Baba?

Anti, ki taimake ni da shawara kafin ranar Lahadi, don idan na shiga taron gidanmu da wannan zuciyar, sai an fitar da ni a rirriƙe.

Ni ce babba a ɗakinmu, shekarata arba'in da tara, ina aiki a ɗakin karatu na wata makaranta. Mahaifinmu yana da hawan jini, likita ya raba shi da gishiri. Aiki ba ya barina in je kullum, shi ya sa duk Asabar nake tsayuwa a kan tukunya har ƙafafuna su kumbura. In dafa miya da kaza da shinkafa, in raba a robobi goma sha huɗu, in rubuta rana a jikin kowace, in kai firizar da na ajiye a falonsa saboda kicin ɗin ba wuri. Ƙanena da ke zaune tare da shi aikinsa ɗaya ne: ya ciro, ya ɗumama, ya miƙa. Shekara biyu ko murɗawar ciki Baba bai yi ba.

Makon jiya sai ga amai da gudawa, kwana uku a asibiti. Tun ba a cire masa ƙarin ruwa ba, Gwaggo, ƙanwarsa, ta gama shari'a: abincin ƙanƙara ne. Wai wace irin 'ya ce ke ciyar da ubanta abincin da ya kwana bakwai, wai karatu ya cinye mini tausayi. Matar da rabonta da kawo masa ko ruwan zafi tun rasuwar mahaifiyarmu! Matar da idan ka sha cokali ɗaya na miyarta sai ka wuni a bakin famfo. Ta kira taro, za a fitar da firiza, ita za ta riƙa aiko abinci.

Ban yi gardama ba, na je na buɗe firizar. Ledar yankakken karas da koren wake, wadda idan ka girgiza take ƙara kamar tsakuwa, ta dunƙule ta zama bulo. Wata roba da ta karkace, miyar cikinta ta gangara gefe ɗaya ta daskare a can. Littafin da ya zo da firizar nan na karance shi tas, na san abin da nake gani: kayan sun narke ne, suka sake daskarewa. Na tambayi maƙwabta, ba a ɗauke wuta ba. Ashe wani ne yake zare filogi.

Na tsugunna bayan kujerar Baba, gaban soket ɗaya tilo da ke bangon, na tambayi ƙanena. Ya ce bai taɓa ba, ya ci gaba da danna waya. Wannan fa mutumin da na taɓa kamawa ya shanya robar miya a taga tun safe har rana ta take, wai tana shan iska. Baba kuwa sai ya jawo sabuwar rediyon da jikoki suka kawo masa watan jiya, ya ƙara murya.

Na yi niyyar in ɗora bulon nan a tsakiyar taro, in yi wa ƙanena wankin babban bargo. Ko akwai abin da zai hana ni?

Daga Yayar da ta gaji

*

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya, kuma idonki ya gani daidai. Daskarewa ba ta ɓata abinci. Narkewa da ɗumi da sake daskarewa su ne matsalar. Duk abin da ke cikin firizar nan ki zubar, kada ki ji tausayin wahalar Asabar.

Amma ki dakata da bargon. Ki sake karanta wasiƙarki. Soket ɗaya ne a bangon, yana bayan kujerar Baba, rediyo ta shigo watan jiya, ciwo ya zo makon jiya. Ban rantse ba, amma ina zaton dattijon ne yake zare firiza ya jona rediyonsa, ya mayar idan ya gama, bai san ɓarnar da ke ciki ba. Yanzu ya gane, kunya ta ɗaure masa baki.

Ƙanenki ma ba wankakke ba ne. Ki nuna masa: a sauko da roba cikin firji tun ana gobe za a ci, ko a tsoma ta a ruwan sanyi, ban da taga. A ɗumama har ta tafasa, abin da ya rage kada ya koma firiza. Kayan lambu kuwa daga leda sai tukunya, ba sai sun saki ba. Ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora kwabo a kai, ki bar shi cikin firizar; ranar da kika same shi ya nutse, kin san an yi ɓarna.

Gwaggo harshenta ya yi kaifi, amma tsoro ne, ɗan'uwanta ta gani a gadon asibiti. Ki ba ta rana ɗaya a mako ta yi masa girki, ki haɗa mata da takardar likita, ki ɗauke mata gwangwanin gishiri.

Ki je wurin Baba ranar Asabar, ke kaɗai, da soket mai baki biyu a jaka. Ki jona firizar, ki jona rediyon, ki zauna ku saurari labarai tare. Kada ki tambaye shi komai. Ina kyautata zaton ranar Lahadi shi zai riga ki magana.

Allah Ya ƙara masa lafiya, ke kuma Ya huce miki zuciya da ƙafafu.