Mai Kwale-kwalen Tafkin Rataya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Yaya ma jiki na ta kyau tun bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Yana takawa da sanda zuwa bakin ƙofa, sai dai harshen ne har yanzu da nauyi. A kansa nake rubuto maka.

Likita ta ce maganin harshen shi ne ya yi ta magana, shi kuwa ka san shi da zuciya. Da kalma ta maƙale masa sai ya juya fuska bango. Ran nan matarsa na kwashe kaya daga ƙasan gado ta ci karo da littafin wasanmu na da, mai koren bango, da ƙwayar ludo a cikin gwangwani. Taswirar Rataya na nan yadda ya zana ta, garin da ya ƙirƙira a ƙirjin dutse, da matakala ɗari uku, da tafkin da mutanen garin ba sa ɗiban ruwansa sai sun cire takalmi sun nemi izini. Ya daɗe yana shafa takardar, sannan ya ce a kira masa 'yan wasa.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar muna zama a falo, ni da abokan wasanmu na yarinta, Mai Kemis da Dogo, Yaya yana ba da labari muna jefa ƙwaya. A cikin wasan ina nan a matsayina na maƙeriya, Dogo kuma har yau shi ne ɓarawon da bai taɓa sata ya tsira ba. Mama ta ce ba ta taɓa ganin masu furfura suna rigima a kan garin da babu shi ba, amma ita ke fara jawo kujera. Jimlar da ke cin Yaya minti guda, in ya shiga Rataya sai ta fito kusan a miƙe.

Matsalar ita ce mako uku ke nan muna tsaye a bakin tafki. Dokarsa ce ba mai haye ruwan sai da mai kwale-kwale, kuma kai ne shi tun kana aji huɗu. Mai Kemis ya ce zai karɓa, Yaya ya rufe littafin, ya ce mai jirgin yana da ransa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma rabon da ya yi zancenka tun ranar da ya ce ka gudu ka bar masa Mama.

Na san maganar ta yi maka ciwo, ban kuma ce ya kyauta ba. Amma Yaya bai iya ba da haƙuri ba ko lokacin da bakinsa ke lafiya. Ran Asabar ƙarfe biyar zan kira ka, in ajiye wayar a kan tebur kusa da taswira. Ba sai ka tayar da tsohon zance ba. Ka haye da mu kawai.

Mama na sa maka albarka. Matar Yaya da Dogo suna gaishe ka. Ka gaishe mini da amaryarmu da ƙaramar Mama.

Taka har kullum,
Yayarka Tela